Allon Feda Mai Kamu Ɗaya

Nura ya bugo mini waya daga Sakkwato kwanakin baya yana tambaya wane girman allo zai sa a yi wa fedojinsa, tunda yanzu ya fara bin masu kiɗan biki. Na ce masa ya yi wanda zai iya rungumewa a kan babur, na kashe wayar. Na ji ya yi ta gaya wa 'yan'uwansa wai Baba ya amsa masa a daƙile kamar wanda aka taka wa ƙafa. Gaskiyarsa ce. Tambayar ta taɓa mini wani wuri da har yau bai warke ba. Tunda ba na iya doguwar magana a waya, bari in rubuta muku ita nan, ku duka, har da ku matan da ba ruwanku da jita, domin maganar Baffanku Lawali ce, kuma kun daɗe kuna jin ta rabi-rabi.

Ga wanda bai sani ba a cikinku, feda wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba. Ƙasa ake ajiye shi, tsakanin jita da lasifika, a haɗa su da waya. Idan mai kiɗa ya taka shi sai muryar jitar ta sauya: wani ya sa ta yi kaushi, wani ya sa ta riƙa amsa kanta kamar kira a bakin rijiya, wani ya sa ta rawa. Allo kuwa shi ne katakon da ake jera su a kai a ɗaure, don kada mutum ya riƙa tsintar su ɗaya-ɗaya cikin ƙasa duk inda aka je. A shekarar da nake ba ku labari, mu biyu ke riƙe wa Maigida Tukur jita, ni da Lawali. Maigida Tukur mawaƙin biki ne a nan Wurno, yana da masu kalangu biyu da 'yan amshi, kuma ya shigo da jita cikin kiɗansa ne bayan ya ga yadda mutanen Nijar ke yi. Ni ne na gaba, ni ke jan waƙa, Lawali yana bi na a baya. Ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi, na girme shi nesa ba kusa ba, kuma da hannuna na ɗora yatsunsa a kan tsirkiya ranar farko. Ku riƙe wannan, don ni ban taɓa mantawa da shi ba.

Da bazarar shekarar nan wani ɗan gwanjo mai sayo kaya daga Ƙonni ya zo kasuwar Goronyo da kwali cike da fedoji. Shi kansa bai san mene ne ba, cewa yake yi na'urar cajin waya ce ta Turawa. Muka zauna bakin rumfarsa da batir da jita muna gwada su ɗaya bayan ɗaya, mutane na kewaye da mu. Na zaɓi huɗu masu rai: mai saita tsirkiya, mai kaushi, mai amsa-kuwwa, da mai rawar murya. Lawali kuwa ya kwashe sauran gaba ɗaya, goma sha ɗaya, alhali a gabana muka gwada su, biyar ne kawai ke motsi.

"Mi za ka yi da matattu?" na ce masa.

"Yaya, ai matattun sun hi kyan gani," in ji shi, yana dariya yana cusa su cikin buhu.

Na ce a raina yaro dai yaro ne, ko da ya yi gemu.

Ba a daɗe ba Maigida Tukur ya tara mu a zaurensa bayan la'asar. Ya ce wani babban dillalin albasa a Goronyo zai aurar da ɗansa, an kira mu. Cikin baƙin kuma akwai wani mutum daga Sakkwato mai haɗa makaɗa yana kai su manyan ɗakunan taro inda masu hali ke biki, kowa Manaja yake ce masa.

"Mai jita guda shi ka biɗa," in ji Maigida. "Na ce mishi biyu gare ni. Wanda duk yaz zaɓa cikinku, na sallame shi da zuciya guda."

Ko kallon Lawali ban yi ba, don a raina babu wata tambaya a nan. Shekara da shekaru nake jiran irin wannan ƙofa. Na gaji da kiɗa a tsakar rana a kan tabarma, na gaji da komawa gida da ƙasa har cikin kunne, na gaji da a ce mana mu jira a bayan gida sai an gama ba baƙi abinci. Kafin in fito daga zauren na riga na ga kaina a Sakkwato, har unguwar da zan kama muku ɗaki na zaɓa.

Abin da ya rage shi ne allo. Ni mutum ne mai auna abu kafin in yanka, kun san ni. Na zauna na dubi aikinmu yadda yake, ba yadda nake mafarkinsa ba. Mu ba mu da mota. Kabu-kabu ke kai mu ko'ina, jita a rataye a baya, sauran kaya a cinya tsakaninka da mai babur. In damina ta sauka akwai garuruwan da sai an tsallaka gulbin Rima a kwalekwale. In an isa, tabarma ɗaya ake shimfiɗa wa makaɗa gaba ɗaya, da mu da masu kalangu da lasifika, kuma da kiɗa ya yi zafi masu liƙi za su yo kanka, ba mai duba inda ya sa ƙafa. Duk abin da bai shige tsakanin ƙafafunka biyu ba, to sunansa takakke. Ga janareta, wani gidan akwai, wani gidan sai an shimfiɗa mana tabarma sannan za a tafi neman mai. Feda huɗu kuwa batir ya ishe su. Sai na kira maƙwabcinmu mai kabu-kabu na hau bayansa a ƙofar gida, babur a kashe, Innarku tana miƙo mini kwali daga zaure, ina yankewa ina gwadawa, har ya zauna daidai a cinyata, bai taɓa bayan mutumin ba, bai kuma leƙo gefe ba. Kamu ɗaya ne tsawonsa, faɗinsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu. Na jera fedojin a kai, na bar ɗan fili tsakaninsu yadda babban yatsan ƙafata ba zai taka biyu lokaci ɗaya ba.

Da na shigo da kwalin ina jin kaina, Innarku ta karɓa ta juya shi, ta sake juya shi.

"Malam, ni dai in za ka ji tawa, ka ƙara mishi girma."

"Don mi? Huɗu gare ni, huɗu za ni jerawa."

"Ko mai albasa, manyan shi ka ɗorawa bakin buhu. Mutanen birni da ido su ka hwara saye."

"Hajo, ni ba albasa ni ka saidawa ba. Kiɗi na. Kunne ka jin shi."

"To, Allah shi ba da sa'a," in ji ta, ta koma wankin shinkafarta.

Kafinta ɗaya muka kai wa aikin ni da Lawali. Nawa bai ci masa rabin yini ba. Katako mara nauyi, aka goge, na yanko robar tsohon tayar babur na ɗaure fedojin tamau, Innarku ta ɗinka masa jaka da buhun shinkafa. Ranar da na je karɓa na tarar da na Lawali a jingine a bango. Ƙyauren wani tsohon shago ya samo, kafinta ya kankare shi, ya yi masa hawa biyu kamar matakala, ya shafe shi da baƙin fenti mai ƙyalli, ya buga masa mariƙi a kowane gefe don sai mutum biyu ke ɗaga shi. Lawali ya jera goma sha ɗayan nan reras, ja da kore da ruwan ɗorawa, masu rai a hawan ƙasa, matattu a hawan sama, har da wayoyi ya soka musu waɗanda ba su zuwa ko'ina. Ya fasa 'yan tocilan China ya cire ƙwayayen ya manna a gefe-gefe. Nawa yana ajiye kusa da shi kamar murfin tukunya. Na yi dariya har kafinta ya ji, na ce a nemo raƙumin da zai ɗauke shi. Amma a nan na fara jin abin. Na san nawa ne daidai, ko a gaban wa zan faɗa, amma duk da haka idona ya ƙi barin nasa.

Ranar bikin na isa Goronyo tun kafin azahar, allona a cinya. Kafin masu kalangu su gama jan tsarkiyar gangunansu na haɗa wayoyina na saita jita na zauna. Lawali bai iso ba sai da aka fara cigiyarsa, a bayan a-kori-kurar albasa, yana rungume da ƙyaurensa, mutum biyu suka sauke masa. Ya ɗauki lokaci yana haɗa waya har Maigida ya fara tsaki. Allon ya cinye fiye da rabin tabarmar, masu kalangu suka koma can baki-baki cikin rana suna gunaguni. Raina ya yi fari, na ce yau kowa zai ga bambancin mai hankali da mai son a gani. Sai aka tayar da janareta. 'Yan ƙwayayen nan suka kama, ja da kore, suna ƙyaftawa. Yara suka fara zuwa, sannan samari, sannan har dattawa masu manyan riguna suka riƙa tasowa daga kujerunsu suna duƙawa suna leƙe. Wani ya ce irin wannan ne a gaban matuƙin jirgin sama, nan take sunan ya bi shi, kowa jirgi, jirgi. Masu waya suka ɗaga suna ɗauka. Ni ina zaune kusa da shi, gwiwata na taɓa tasa, amma ko mutum ɗaya bai dubi ƙasan ƙafata ba.

Aka fara kiɗa. Allonsa yana ta wani gurnani a lasifika saboda wutar janareta, Maigida na harararsa, nawa shiru, tsaf. Na ja waƙoƙin nan yadda na saba, ban yi kuskure ko ɗaya ba, wannan ko maƙiyina zai shaide ni. Masu liƙi suka yo kanmu, na matse allona tsakanin ƙafafuna ba abin da ya same shi, shi kuwa sau nawa aka taka masa waya ta fita yana duƙawa yana mayarwa. Don a yi adalci, Maigida ya ba shi waƙa ɗaya ya ja. Ba zan ce muku ga yadda ya kaɗa ta ba, domin ban saurara ba. Idona yana kan allon, ina ƙirga matattu. Maganar matattun nan na riƙe ta a bakina tun safe kamar goro, ina jiran inda zan tofar.

Da aka dawo daga sallar la'asar, Manaja ya taso ya nufo mu. Wani siririn mutum ne mai farin tabarau, ba shi da yawan magana. Ya tattare rigarsa ya tsuguna gaban allon Lawali.

"Samari, dud waɗanga suna aiki?"

Na buɗe baki ke nan, Lawali ya riga ni.

"A'a, ranka shi daɗe. Biyar ad da rai. Shiddan ga na sama ado na."

Manaja ya kwashe da dariya har da dafa gwiwa. Ni kuwa goron da na yini ina taunawa sai na haɗiye abina. Ya juyo ya dubi nawa, ya taɓa robar da yatsa.

"Malam, naka ya yi tsab. Kiɗinka ma ba kuskure. Allah shi ƙara basira."

Ya ba ni hannu muka gaisa, ya ja Maigida gefe. Ba su daɗe ba. Daga yadda Maigida ya dawo yana kallon ƙasa bai dube ni ba, na san ba ni ba ne. Lawali aka ɗauka.

Na hau kabu-kabu kafin magariba, ban jira rabon abinci ba. Allon nan ya zauna daram a cinyata tun daga Goronyo har Wurno, bai taɓa bayan mai babur ba, bai leƙo gefe ba, daidai yadda na auna shi. Ji nake kamar in wurga shi cikin gonakin da muke wucewa. Da na shiga gida Innarku ta dubi fuskata sau ɗaya, ta ajiye mini ruwa da tuwo, ta koma aikinta. Da ta ce ai na gaya maka, da ya fi mini sauƙi, don da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Kafin ya tafi, Lawali ya zo sallama. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a gabana.

"Yaya, ka sa min albarka. Dud abin da ni iya, kai ka koya min."

"Allah shi tsare," na ce.

Iyakar abin da ya iya fitowa ke nan. Ya jira ko zan ƙara, ban ƙara ba, ya tashi.

Daminar nan gaba ɗaya magana ɗaya ce a bakina. Duk wanda ya tambaye ni yaya aka yi ƙanena ya tsallake ni, sai in ce katako ne ya tafi Sakkwato, Lawali rakiya ya yi masa. Mutane su yi dariya, wasu su ɗauka su kai gaba, har a majalisar mai shayi na ji ana maimaita ta ba a san tawa ce ba. Wannan magana ita ta riƙe ni a tsaye. Na yarda da ita har zuciyata: mutumin birni ya zo, ƙyalli ya ɗauke masa ido, ya bar kiɗa ya ɗauki fenti. Kuma allona bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. A wani ƙauye bayan Rabah ruwa ya kece muna tsakiyar waƙa, na zare waya na zura shi cikin buhunsa na cusa ƙarƙashin riga kafin masu kalangu su miƙe. Na tsallaka Rima da shi a kwalekwale, yana kan gwiwata, ga tumaki ga buhunan taki. A wani gidan janareta ya ƙi tashi, aka ɗauko batirin mota aka haɗa wa lasifika, na yi kiɗana har aka watse. Duk lokacin da irin haka ta faru sai in ce wa Maigida, to a kawo jirgi nan mu gani. Shi dai murmushi yake yi.

Amma da na dawo gida sai samarin unguwa su tare ni da waya.

"Malam Umaru, ka ga ƙanenka? Ga shi nan bisa dandamali!"

In karɓa in duba. Ga Lawali cikin shadda mai maiƙo, fitilu ta ko'ina, jirginsa a gabansa yana ƙyaftawa, mata masu gwala-gwalai na zuba masa liƙi. Nakan rage sautin wayar har ƙasa, in kalli allon kawai, in mayar musu in ce madalla. Ina jin ƙyashinsa, ba zan ɓoye muku ba. Ina ƙyashin shaddar, ina ƙyashin fitilun, ina ƙyashin yadda Goggonninku ke cewa Lawalinmu, Lawalinmu, kamar ni baƙo ne a gidan. Har wata rana ƙafata ta kai ni wurin kafinta na tambaye shi ko akwai sauran wani tsohon ƙyaure. Ya ce akwai, ya jawo mini. Na tsaya ina kallonsa, ina tunanin me zan jera a kai, kuma wane mai babur zai ɗauke ni da shi. Na ce ya mayar. Da na gaya wa Innarku, cewa ta yi:

"Yanzu kuma? Ai Manajan ya wuce, Malam."

Da kaka ta yi aka sa bikin Goggonku Luba, autarmu. A ƙofar gidanmu aka yi shi, nan inda kuka sani, kuma Maigida Tukur ya ce shi da yaransa kyauta za su yi. Bayan azahar muna cikin haɗa kaya sai ga Lawali ya sauka daga kabu-kabu, ba komai a hannunsa sai 'yar jakar tufafi. Gida ya kaure da murna. Sai da ya gama gaida tsofaffi sannan ya zo ya durƙusa kusa da tabarmarmu.

"Ina jirgin?" na ce, da ƙarfi yadda na kusa za su ji.

"Haba Yaya, wa zai ɗauko wancan kaya? Ko can mutum biyu ka ɗaga shi. Ara min naka, waƙa guda in yi ma Luba."

Wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Na ce yau Wurno za ta ji shi ba fenti, ba ƙwan tocila, ba dandamali. Har jitata na cire na rataya masa da hannuna, na koma gefe na harɗe hannu.

Ya tuɓe takalmi ya tsaya kan tabarma. Ya dubi fedojin nan huɗu, bai murɗa ko maɓalli ɗaya ba, yadda na saita su haka ya bar su. Ya ɗauko kiɗan da Maigida ke yi wa amarya in za a fita da ita, wanda ni na koya masa a wannan zauren, ina buge masa yatsa in ya kauce. Da farko na ji kiɗana ne, har na fara gyaɗa kai. Sai na ji ba shi ba ne. Inda ni nake cikawa, shi sai ya bar wurin fili, ya bar kalangu ya yi magana. Mai amsa-kuwwar nan da nake takawa tun farkon waƙa in bar ta har ƙarshe, shi sai a wutsiyar jimla yake taɓa ta da yatsa ya ɗage, jitar ta amsa kanta sau ɗaya ta yi shiru kamar ɗan amshi mai ladabi. Mai kaushi kuwa bai kula ta ba sai can, wuri ɗaya, inda waƙar ke cewa amarya ta waiwayi ɗakin uwarta. Masu kalangu suka ɗago kai suka dubi juna. Matan da ke rabon tuwo a bakin zaure suka tsaya da mara a hannu. Masu liƙi da suka taso suka tsaya nesa, ba wanda ya ƙarasa. Daga cikin gida ana jin kukan Luba. Maigida Tukur, wanda ban taɓa ganin ya makara shiga waƙa ba, ya bar wurin shigarsa ya wuce, ya sake wucewa, yana tsaye da makirfo a hannu.

Ni kuwa ina gefe ina neman abin da zan ɗora wa laifi. Na dubi jitar, tawa ce. Wayoyin nawa ne. Batirin da safen nan na sa shi da kaina. Allon shi ne mai kamu ɗayan nan da na auna a bayan babur, da robarsa da komai. Na duba ko'ina ban ga katakon da zai tafi Sakkwato ba. Hawayen da kuka ji ana cewa na zubar ranar don rabuwa da ƙanwata, to ba na Luba ba ne. Ita gidan mijinta ma a nan unguwarmu yake.

Da ya kai ƙarshe, guɗa ta tashi. Ya cire jitar ya miƙo mini da hannu biyu, yana haki, fuskarsa fal murna, ba ko ɗigon mugunta a ciki, abin da ya fi ci mini rai ke nan har gobe.

"Yaya, wanga allo ya hi nawa daɗin taka nesa. Gaskiya gare ka tun hwarko."

"Umaru, karɓi mu ci gaba," in ji Maigida.

Na karɓa na rataya. Na tsaya daidai inda ya tsaya, tabarmar da sauran ɗumin ƙafarsa. Ban murɗa komai ba. Na ɗauko waƙa ta gaba, na taka fedar da ya taka, na kaɗa iyakar iyawata, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Kafin in kai tsakiya, mata sun koma rabon tuwonsu.